Shekarar da Aka Ƙirga Siton Yaya

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma duk cikin abin da na rubuta muku babu wanda ya yi mini nauyi kamarsa. Na so in tsallake shi. Amma ranar sunan jaririn Hadiza, ina zaune a zaure nan Ƙaura ina jiyo muryoyinku daga tsakar gida, sai na ji ɗayanku yana gaya wa baƙi wai Baba Alhaji, yayana, rowa ce ta sa ya raba gida da mu, don kawai an ce ya biya haraji. Ban fito na ƙaryata shi a gaban baƙi ba, na dai kasa cin tuwon sunan. Wanda ya faɗa ya san kansa, ba zan kama suna ba. Ban ma ga laifinsa ba, tunda ni ne ban taɓa zaunar da ku na gaya muku yadda aka yi ba. To ga shi nan, ku karanta, ku daina ɗaukar alhakin mamaci.

Garinmu yadda yake a da ba ku san shi ba sai a bakinmu, in ban da manyanku, Hadiza da Lawal, da suka ɗan riske shi. Tsakanin Moriki da Zurmi yake, a kan tudu, fadama na daga yamma. Da kaka, kai, ku bar shi kawai! Tun da hantsi jakuna ke shigowa da dammunan gero har hanya ta ƙi biyuwa. Kowane gida ka wuce turmi na amsa wa turmi. Fulani su sauko da shanunsu gonakin da aka girbe, su ci kara su bar mana taki, matansu su shigo gari da nono mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a cikinsa. Furar sabon gero da wannan nono, yau ko nawa ka fitar a Ƙaura ba ka samun irinta. Ina rubuta wannan wallahi yawuna ya tsinke. Mutane ba su da kuɗi sosai a lokacin, amma mutum yana kwana a gonarsa don gadin tsuntsaye, ba abin da yake tsoro sai sauro.

Gidanmu gandu ɗaya ne, wato gona ɗaya muke nomawa, tukunya ɗaya ake ɗora mana. Baba ya rasu ban fi shekara bakwai ba, Yaya Garba ya ɗauke ni kamar shi ya haife ni. Shi ya kai ni makarantar boko a Zurmi lokacin da mutanen gari ke cewa zai mai da ni kafiri. Shi ya yi mini aure da uwarku, Hinde, ko sisi ban kashe ba. Kullum a zaure muke cin abinci, akushi ɗaya, ni da shi. In an sa nama sai ya turo shi gabana da yatsa, ya ce haƙoransa ba su da kyau, alhali mutumin nan da haƙorinsa yake fasa ƙwallon dabino don ya ba yara dariya. Inna tana raye a lokacin, ɗakinta na tsakiyar gida, kuma daga nan take mulkin kowa har da Yayan.

Yaya ɗan kasuwa ne tun daga jini. Da jaki biyu ya fara, yana sayen hatsi da kaka yana kaiwa Shinkafi ranar Alhamis. Daga baya ya riƙa cika mota yana kawowa Ƙaura a ɗora a jirgin ƙasa. Allah ya buɗa masa, ya je Makka, ya dawo ya gina sito a bayan gida, mai rufin kwano da daɓen siminti, irinsa na farko a garinmu. Hatsin da ya saya a buhu yake ajiye shi can. Rumbuna kuwa biyu kawai ya bari, na cin gida. Makullin siton a hannuna yake, domin ni ke rubuta masa abin da ya shiga da abin da ya fita. Ko matansa ba su taɓa taka cikinsa ba.

Yanzu sai in gaya muku yadda ake raba haraji a wancan zamani, don in ba ku gane wannan ba ba za ku gane komai ba. Uban ƙasa zai aiko wa Maigari jimillar abin da gari zai biya. Yadda za a raba shi tsakanin gidaje kuwa, wannan na mutanen gari ne. Tun kakanni, kowane baligi yana da nasa na kai, daidai da na kowa, ragowar kuma sai a raba bisa rumbu. Ana bin gida gida ana ƙirga rumbuna daga waje. Ba a hawa, ba a leƙawa, don leƙa rumbun mutum daidai yake da ɗaga masa riga a kasuwa. Mai rumbu da yawa shi ne mai arziki, sai ya biya da yawa. Lokacin da aka kafa wannan ƙa'ida daidai take, domin a da duk wanda ya sami abu a rumbu yake zuba shi.

A shekarar da nake ba ku labari, malamin da ke rubuta wa Maigari haraji idonsa ya mutu, aka ce ni in karɓa. Yaya ne ma ya kai sunana. Ya ɗinka mini sabuwar riga, ya saya mini biro biyu, yana ta gaya wa mutane a masallaci ƙanensa ya zama malamin haraji. Ni kuwa kaina ya yi girma, ina tafiya ina jin kamar ƙasa ma ta san da zuwana.

Muka fara zagaye da dogarin Maigari, shi yana ƙirgawa ina rubutawa, har muka iso gidan maƙwabcinmu Nomau. Uban Nomau babban manomi ne a zamaninsa, ya gina rumbu shida. Da ya rasu aka raba gonakin, 'yan'uwa suka sayar da nasu suka watse, aka bar Nomau da 'yar gona ɗaya da 'ya'ya bakwai da rumbuna shida. A garinmu ba a rushe rumbun uba. Duk shekara Nomau sai ya yi musu yaɓe, ya sabunta musu jinka, suna nan tsaye tsaf kamar na mai hali. Ina wucewa ta gefen ɗaya sai na ƙwanƙwasa shi da bayan hannu, ba da wata niyya ba. Ya amsa kamar ganga. Na ƙwanƙwasa na kusa da shi, haka. Na ɗaga kai sai muka haɗa ido da Nomau.

"Malam Isa, rubuta shida," in ji shi. "Shida ne, ba su ragu ba."

Na rubuta shida. Muka shiga gidanmu, dogari ya ƙirga rumbu biyu, ya wuce ta ƙofar sito ko kallonta bai yi ba, na rubuta biyu. Bayan kwana uku na ga Nomau yana jan tunkiyarsa zuwa kasuwar Moriki don ya biya nasa tun da wuri. Ita kaɗai gare shi, kuma ciki gare ta. Ƙaramar 'yarsa na biye da shi tana kuka har bakin gari. Abin nan ya hana ni sukuni. Uwarku ce ta fara lura.

"Wai mi ke damunka? Kwana biyu kana cin tuwo kamar an ba ka magani."

Na gaya mata komai, na ce ranar da za a karanta rabo a ƙofar Maigari zan yi magana. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta dube ni.

"Ka tahi ka same shi a zaure, ku biyu, ka hwaɗa mishi. Yaya ba shi da wuyar sha'ani in an bi ta inda ya kamata. Amma ka tashi cikin taro? Haba, Malam! Rigar da za ka tashi da ita ma shi ya ɗinka ta."

"Gaskiya ba ta da zaure," na ce mata.

"To, sannu malamin gaskiya," in ji ta, ta ci gaba da shararta.

Bari in faɗa muku abin da ban faɗa mata ba. Na ƙi zuwa zaure ne don na san Yaya. Zai saurare ni, ya yi murmushi, ya kawo dalilai uku, ya turo mini goro, in fito ban san inda maganata ta shige ba. Tsoron wannan nake yi. Sannan akwai wani abu da ya fi wannan muni: ina so gari ya ga cewa ɗan boko ba ya tsoron kowa, ko da yayansa ne. Tausayin Nomau gaskiya ne a zuciyata, amma ba shi kaɗai ne a ciki ba.

Ranar ta zo. Bayan la'asar aka taru a gindin tsamiyar ƙofar Maigari, magidanta duka, kowa da buzunsa ko tabarmarsa. Yaya na zaune kusa da Liman, inda masu faɗa a ji ke zama. Na karanta rabon tun daga farko har ƙarshe. Maigari ya ce, kamar yadda aka saba, ko akwai mai magana. Wannan tambaya ado ce kawai, ba a taɓa amsa ta ba. Sai na ji bakina ya buɗe.

"Ranka shi daɗe, ni ke da magana. Wanga rabo babu adalci cikinsa. Muna ƙirga rumbu, amma arziki ya bar rumbu ya koma sito. Akwai mai rumbu shida da ya sai da tunkiya tai don shi biya. Akwai mai rumbu biyu da in ya so yana iya ciyar da garin ga duka har damina. Fulani in an zo jangali saniya ɗaya ɗaya ake ƙirga musu, ba a ƙirga turke. Mu mi ya sa muke ƙirga gini mu bar hatsi?"

Ban kama suna ba, amma sito ɗaya ne a garin. Yaya bai dube ni ba. Ya gyara zama, ya fuskanci Maigari, ya yi magana a hankali kamar yana ciniki.

"Ranka shi daɗe, yaro ya yi magana, kuma da ni yake. To a duba. Hatsin da ke cikin sito ba ni na noma shi ba, saye na yi. Daga rumbunan mutanen nan ya hito, kuma an riga an ƙirga rumbunan. Sau biyu za a yi wa hatsi ɗaya haraji? Na biyu, in na kai Shinkahi ina biyan kuɗin kasuwa, in na kai tasha a Ƙaura ina biya, wa ke taya ni? Na uku, in ƙwari sunka ci, ko kasuwa ta hwaɗi, asara tawa ce ni kaɗai, ba a raba ta bisa rumbu. Zakka kuwa ga Liman nan, shi hwaɗi in na taɓa riƙe ta. Kuma in ruwa ya sauka, wa ke ba da iri a garin ga? Wanda bai taɓa karɓar iri a ƙohwata ba shi ɗaga hannu."

Babu wanda ya ɗaga. Har yau in na tuna maganar nan sai in ce mutumin nan da ya yi boko da lauya ya zama. Mutane suka fara gyaɗa kai. Na ga magana tana kuɓuce mini.

"Iri kyauta ce, Yaya," na ce. "Ranar da ka ga dama ka bayar, wanda ka ga dama ka ba, kuma sai mutum ya zo ya durƙusa. Haraji ba a durƙusa mishi. Abin da anka karɓa hannun mai rumbu shida, abincin ɗiyansa ne na wata biyu. Abin da anka karɓa hannunka, ko kuɗin goronka na sati bai kai ba. In nauyi ɗaya anka aza wa raƙumi da ɗan akuya, ba a ce an yi daidai ba."

Liman ya sa baki, ya ce zakka haƙƙin Allah ce, haraji na hukuma ne, ɗaya ba ya biyan ɗaya, amma kuma a ji tsoron Allah kada a mai da mai arziki abin yanka. Kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Wasu suka ce ai kowa kansa ɗaya, a raba daidai kawai a huta. Wasu suka ce in an matsa wa Alhaji ya kwashe kasuwancinsa ya koma Moriki, wa ya yi asara? Wani daga baya ya ce to ya koma mana. Hayaniya ta tashi. Maigari ya ɗaga hannu, ya tambayi Yaya shin siton nan abin da ke cikinsa zai kai rumbu nawa.

"Ɗan ɗaki ne, ranka shi daɗe," in ji Yaya. "In ya yi yawa rumbu uku."

Ku ji da kyau, nan ne na yi abin da na yi. Yaya ya rage, wannan gaskiya ne, kuma ba ɗan ragi ba. Amma babu ɗan kasuwar da ke faɗin abin da ke hannunsa a bainar jama'a, kowa a wurin ya san haka, Maigari ma ya sani, da an bar shi da ya ninka abin da aka ce masa ya yanke hukunci. Ni ban bari ba. Na miƙe tsaye na faɗi adadin buhunan, gero daban, dawa daban, wake daban. Har da na ƙuryar baya na faɗa, wanda ya ɓoye don shekarar yunwa, wanda duk duniya daga shi sai ni muka san da shi. Na faɗa da ƙarfi, makullin yana cikin aljihuna.

Wani ya ce, "Innalillahi!" Wani ya yi dariya ya rufe baki. A karo na farko Yaya ya juyo ya dube ni. Ba fushi na gani a idonsa ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Kallon mutumin da ya jingina da bango ya ji ya tafi, shi na gani.

Maigari ya yi shawara da dattawa, ya yanke cewa daga wannan shekara za a ɗauki siton Alhaji a matsayin rumbu goma. Sai ya tambaya yaya za a yi da rumbun da ba komai a ciki, tunda ba a leƙawa. Ni da wayona na ce abu mai sauƙi ne, duk mai rumbun da babu hatsi ya sauke masa jinka, kowa ya gani daga waje, sai a cire shi daga lissafi. Maigari ya ce madalla. Yaya ya aika gida aka kawo kuɗi, ya zube na rumbu goma sha biyu a kan tabarma a gaban kowa, bai rage ko kwabo ba.

"Malamin haraji, rubuta," ya ce, ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Washegari na fita da littafina in zagaya in cire rumbunan da aka sauke wa jinka. Na bi gari kaf. Ko ɗaya! Duk rumbunan da na san ɓeraye ma sun yi ƙaura daga cikinsu suna nan da jinkarsu. Na shiga gidan Nomau raina a ɓace, na same shi yana gyaran ƙota.

"Nomau, don kai na yi wagga magana. Mi ya hana ka sauke jinka?"

"Don ni? Na aike ka?" in ji shi. "In sauke jinkar rumbun ubana, duk mai wucewa shi san gidan Nomau babu ci? Ɗiyata babba an fara neman ta, wa za shi shigo gidan da rumbu huɗu ke buɗe da baki? In ruwa ya sauka kuma su narke. Jiya ka tashi cikin mutane kana mai rumbu shida, mai rumbu shida, akwai wanda bai san ko wane ne ba? Malam Isa, ka yi boko amma ba ka san gari ba. Rubuta shida."

Na sake rubuta shida. An dai sami ragi, domin abin da aka ƙara wa Yaya ya sauko da na kowa, Nomau ma an mayar masa da wani abu. Amma tunkiya ta riga ta tafi, abin da aka mayar masa ko ɗan da ke cikinta ba zai saya ba. Na dawo gida. Ina shiga na tarar da Inna a ƙofar ɗakina, ita da ba ta zuwa ɗakin kowa sai dai a je mata.

"Ba ni makullin ɗan'uwanka."

"Inna, ƙarya na yi?"

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Makulli anka ba ka don ka rufe, kai kuwa ka buɗe wa gari. Ba ni."

Na miƙa mata. Da magariba aka kawo tuwo zaure, na zauna ina jira, Yaya bai fito ba. Daga ranar aka fara zuba mana a kwano biyu. Kafin damina Yaya ya kira dattawa biyu aka raba gandu. To nan ne nake so ku buɗe kunnuwanku. Mutumin da kuke ce wa marowaci, gonar fadama ya ba ni, wadda ta fi kowace albarka, ya ɗauki ta tudu mai burji. Rumbu biyun nan ya bar mini ɗaya cike. Bai kore ni ba, zana aka kafa a tsakar gida, daga baya aka mai da ita katanga. Karatun Lawal a Gusau, da kuke cewa ni na yi ƙoƙari, rabin kuɗin ta hannun Inna yake zuwa, na kuma san daga inda yake fitowa, na karɓa na yi shiru. Ba na ce waliyyi ne ba. Da ruwa ya sauka a waccan shekara ya ba da iri kamar kullum, amma waɗanda suka ce ya koma Moriki mana, rabin mudu suka samo, ya kuma bar su a tsaye a rana kafin ya fito. Yaya yana da riƙo, wannan ba zan ɓoye muku ba.

Yanzu in na kunna rediyo sai in ji ana ta musu, masu kuɗi nawa ya kamata su biya, wasu na cewa a matse su, wasu na cewa in an matse su za su gudu da dukiyarsu. Sai in yi dariya ni kaɗai, in ce mu a gindin tsamiya muka gama wannan tun ba a haifi masu maganar ba. Ra'ayina bai sauya ba. Wanda Allah ya ba da yawa ya kamata ya ɗauki kaso mai yawa, kuma ya zama doka, kada ya zama sai ya ga dama. Amma nawa ne daidai, wallahi har yau ban sani ba. Goman da aka yanke wa Yaya ta yi daidai a shekarar. Bayan shekara biyu ƙwari suka shiga siton, kasuwa kuma ta faɗi, ya yi asarar da ta kusa durƙusar da shi. Lokacin haraji ya zo, bai ce a rage masa ba, girman kai ba zai bar shi ba. Babu wanda ya tashi ya ce wannan ma ba adalci ba ne. Ni da hannuna na rubuta goma, bakina a rufe, ni malamin gaskiya.

Ba mu yi gaba ba, kada ku ɗauka haka. Muna gaisawa a masallaci, ina zuwa sunan 'ya'yansa, yana zuwa na nawa, tare muka ɗauki gawar Inna. Amma hira ta mutu tsakaninmu. Uwarku, Allah ya jiƙanta, ta yi ta fama da ni shekara da shekaru, in je in ce ya yafe mini. Kullum amsata ɗaya ce, ai ni ke da gaskiya, wanda ke da gaskiya ba ya ba da haƙuri. Ban gane ba sai da furfura ta cika mini kai, cewa a kan haraji ne nake da gaskiya, a kan amana kuwa ba ni da ko ƙwaya. Da na gane sai kunya ta karɓi wurin girman kai, na ce bari sai an yi salla, bari sai an yi kaka. Haka shekaru suka yi ta wucewa, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin tarinsa da safe.

Sauran kun san shi, da ku aka yi. Mutanen daji suka hana noma, suka hana kwana, gari ya watse. Mu muka yo Ƙaura, shi kuma babban ɗansa ya ɗauke shi zuwa Shinkafi. Sai da hanya ta shiga tsakaninmu, irin hanyar da ba a binta sai da addu'a, sannan na ji ba zan iya mutuwa da abin nan ba. Wata Alhamis na bi motar 'yan kasuwa, ban gaya wa kowa cikinku ba, na ce muku asibiti za ni. Ɗansa ya tare ni a ƙofa, ya ce, Baba Isa, sai dai haƙuri, tun da aka baro gida hankalinsa ya tafi, wani lokaci ko ni ba ya ganewa.

Na same shi a inuwar darbejiya a kan tabarma, ya rame ya zama ɗan ƙarami. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, irin wadda ya daɗe bai yi mini ba. Na kama hannunsa na faɗi duk abin da na zo da shi, tun daga makulli har ƙuryar baya. Na ce na ci amanarsa, ya yafe mini don Allah. Yana saurare yana gyaɗa kai, har na gama.

"Allah shi yafe muna duka," ya ce. "Baƙo, daga ina kake?"

Na ce daga Ƙaura.

"Ƙaura! Ina da ƙane, ko ka san shi? Isa. Ni na kai shi makaranta. Shi ke rubuta harajin garinmu duka, da hannunsa. Yaron nan ba shi tsoron kowa, ko ni ba shi tsoro." Ya yi dariya, ya matso kusa da ni kamar zai gaya mini asiri. "In ka gan shi ka ce ina nemansa. Ya daɗe bai zo ba."

Na ce masa zan faɗa masa.